Wanda Ya Ɗaure Taraktar Matan Tama

Ranar da taraktarmu ta ɓata, kafin hantsi ya dubi ludayi mutanen Tama sun gama yanke hukunci, kuma a kan ɗana suka yanke shi.

Ni ce Zaliha, shugabar ƙungiyar mata masu noman albasa a kwarin Tama. Mun sha zirga-zirga a ofisoshi kafin wani poroje na tallafin manoma ya ba mu taraktar nan, ja, sabuwa fil. Da muka zauna zaɓen direba, mata suka ce autana Hafizu, don idonsa garau yake kuma ba ya shan komai sai shayi. To, da safe aka je rumfar da take kwana a bakin lambuna, aka tarar da tabon baƙin mai a ƙasa, babu tarakta. Sule mai gadi ya rantse bai ji motsi ba, kuma duk wanda ya san Sule ba zai sa shi kaffara ba.

Ba a fasa komai ba, ba a yanke waya ba. Da makulli aka tayar da ita, makullin kuwa ga shi nan a rataye a zaurenmu inda Hafizu yake ajiye shi. Nan take aka tuna yaron ya taɓa cewa yana son tafiya cirani Aljeriya. Matan da muke tsoma hannu a kwano ɗaya suka fara gaishe ni da gefen baki. Jandarmomi suka zo daga Buza suka tafi da shi, shef ɗinsu kuma bai ɓoye mini ba: idan ba a samu wani mai laifin ba, za a miƙa Hafizu gaban alƙali, daga nan sai kaso.

Mutum ɗaya ne ya tsaya kusa da ni a ranar, wato Barmo, ƙanin marigayi mijina. A wajen dangin uwarsa ya tashi can arewa cikin raƙuma, daga baya ya zama direban manyan motoci, sai da idonsa ya fara hazo ya dawo gida. Tun rasuwar yayansa a zaurenmu yake kwana. Shi ya kafa mini rumfar tsakar gida, shi yake ɗaure awakina, shi ya koya wa Hafizu tuƙi. Yana ce mini uwargida, ina ce masa mijin tuwo, haka muke tsokanar juna kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin miji. Ranar nan ya fi ni kuka, ya ce shi da ƙafarsa zai riƙa kai wa yaron abinci Buza.

Da na ce zan aika Azarori a kira Kalla mai bin sawu, Barmo ya yi tsaki ya ce mai neman ɓataccen raƙumi me ya sani game da tarakta. Na ce ko sawun kiyashi yake bi, a kira shi.

*

Kalla ya iso a bayan kabu-kabu, gajeren tsoho mai rawani da sanda, yana tauna goro kamar ba shi aka kira ba. Kakanninsa masu yi wa makiyayan arewa laftun raƙuma ne, shi ma ya bi ayari da ƙuruciya kafin ya koma neman dabbobin sata. Ya dubi bakin rumfar da duk gari ya tattake, ya yi nisa ya zagaya har ya tsinci sawun taya a cikin yashin ƙorama. Muka bi shi, rabin gari na biye da mu.

Sawun ya hau wata gaɓa mai tsayi, ya tsaya cak a bakinta. Wata tsohuwa ta fara salati tana cewa aljannu ne. Kalla ya sauka ƙasan gaɓar ya nuna mana da sanda: babbar mota ce ta ja da baya ta manna tirelarta da gaɓar, aka tuƙa taraktar ta hau kai ba tare da katakon hawa ba. Ya nuna gurbin duwatsun da aka cire don tokare tayoyi. Ya ce mutum biyu ne, ɗaya baƙo wanda ya tsaya gefe yana shan taba, ɗaya kuma shi ya yi aikin duka, kuma ya san gaɓar nan tun kafin ya zo.

Takalmin mai aikin irin na roba ne da ake sayarwa a kowace kasuwa. Da Kalla ya faɗi haka na ga maza da yawa suna duban ƙafafunsu. Hafizu ma irinsa yake sawa. Wani daga baya ya ce da ɗan gari akan ci gari, kuma ba sai na waiwaya ba na san ni ake kallo.

*

Barmo ne ya zo da labarin cewa wani tsohon abokin tuƙinsa ya ga babbar mota ta nufi Kaita da kaya a lulluɓe. Muka kwashi jiki muka hau duwatsun Kaita, muka yini rana na dukanmu, ashe injin haƙa rijiya aka kai wani ƙauye. Barmo ya yi ta ba ni haƙuri a hanya, har ya saya mini ƙosai.

Washegari ya ce shi fa tun farko zuciyarsa na kan Surajo. Surajo yana da tsohuwar tarakta ta haya da tirela, kuma tun da tamu ta zo manoma suka rage zuwa wajensa. Muka je. Muka tarar da tirelar a bayan gida a kan taya uku da kututture, kaza ta kwanta a kan ƙwai a ƙarƙashinta. Kalla ya duƙa ya gaishe da kazar, ya ce wannan shaidar ba ta ƙarya. Surajo ya fito yana kumfar baki, ya ce gaskiya da ya ji taraktarmu ta ɓata bai yi baƙin ciki ba, amma farin ciki da asarar wani ba sata ba ne. Ban ji daɗin maganar ba, sai dai na yarda da ita.

Sule mai gadi kuwa, da Kalla ya zaunar da shi a inuwa ya ba shi goro, sai ya amsa cewa da zarar an cire albasa gida yake komawa ya kwana, kuma babu wanda bai san haka ba a Tama. Wato dai mun koma inda muka fara. Hafizu kuma na nan a tsare.

Da yamma Kalla ya ce wa Barmo gobe ya huta da yawo, ya kai wa ɗansa abinci ya daɗe a wajensa, yaro na bukatar ganin nasa. Barmo ya ce wallahi abin da ke ransa ke nan.

*

Washegari ni da Kalla, mu biyu, muka kama jar hanyar da ta yi kudu wajen Madawa, kowa a kan kabu-kabunsa. Ba mu yi nisa ba Kalla ya sa aka tsaya a gindin wani gawo. Babbar mota ta ratse a nan, sawunta na nan a gefen hanya inda dabbobi ba su bi ba.

Ya ce duk wanda ya san kaya ba ya ɗaurewa ya kama hanya kai tsaye. Sai ya ɗan taɓa tafiya, kaya ya girgiza ya zauna, ɗauri ya saki, sannan ya tsaya ya sake ɗamewa. Haka ake yi wa raƙumi, haka ake yi wa mota. Ya nuna mini sawun takalmin roba ya zagaya kusurwa huɗu, a kowace kusurwa ga gurbin gwiwa. Daga nan sawun bai koma wajen ƙofar mota ba. Ya tsallaka hanya ya shiga gonaki ya nufi Tama, har ya ɓace a burtalin tumaki.

"Wanda yaɗ ɗaure bai bi kayan ba," in ji Kalla. "Gida yak koma."

Na tambaye shi kai tsaye, don ni ba na iya kwana-kwana: "Malam Kalla, ka hwaɗa mini tsakaninka da Allah, ɗana na?"

"Ƙasa ba ta hwaɗi suna ba tukuna, Hajiya."

Da muka hau kwalta sawu ya ƙare, sai aikin baki. Masu shayi, masu faci, mata masu tuyar waina a bakin tasha, kowa Kalla ya tsaya ya yi masa hira kamar ba abin da ya kawo shi. Wani mai faci a Madawa ya tuna wata baƙuwar mota da ta tsaya aka ƙara mata iska a taya, ta karkata hanyar Bangi. Kafin la'asar muna bayan wani rudu, rumbun ajiyar albasa da aka daina amfani da shi, kusa da iyaka. A nan taraktarmu take, an lulluɓe ta da zana da karan dawa, ana jiran mai saye daga ƙetare. Babu kowa a wurin.

Na rungume tayar nan ina kuka kamar na ga ɗan'uwa. Da na ɗago, Kalla ko kallon taraktar ba ya yi. Yana tsugune yana tsintar wasu abubuwa a ƙasa yana zubawa a aljihun rigarsa. Na tambaye shi mene ne, ya ce tarkace. Amma ya daina tauna goronsa.

*

Ganin tarakta bai wanke Hafizu ba, don ana iya cewa shi ya ba da ita. Kalla ya keɓe da shef a waya suka daɗe. Washegari shef ya iso Bangi da Hafizu a bayan mota, yaron ya rame, idanunsa sun faɗa. An nemo wa tirelar Surajo taya, an kwashe kazar da ƙwanta, ya jawo ta don a mayar da kayanmu gida. Sule ma an taho da shi. Barmo kuwa ba sai an kira shi ba, shi ne a gaba yana yi mini barka.

Aka hau da taraktar, aka tokare tayoyinta da duwatsu. Surajo ya fito da maɗaurai huɗu, irin masu faɗin tafin hannu, kowane da ƙugiya a baki da wani ƙarfe mai hannu da ake ta ja yana ƙas-ƙas har ɗauri ya ɗame. Kalla ya dafa ƙugu ya ce shi bayansa ya gaji, ga kusurwa huɗu ga maza huɗu, kowa ya kama ɗaya a gama da wuri. Shef ya kwance wa Hafizu hannu ya ce ya je.

Sule ya maƙala ƙugiyarsa a jikin murfin taya, ƙarfen ya datse masa yatsa, ya koma gefe yana tsotsa. Surajo ya maƙala tasa a gindin ƙarfen taya yadda ya kamata, ya ja ya ɗame, ya bar jelar maɗaurin tana reto. Hafizu ya yi nasa a hankali, ya naɗe jelar kamar tabarma ya ɗaure ta da guntun roba.

Barmo ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Ya ja maɗaurinsa a karkace ya ɗame har yana amsawa in an taɓa, sannan ya kama jelar ya zagaya da ita, ya lanƙwasa, ya cusa, ya ja. Ko kallon hannunsa bai yi ba. Da ya miƙe ya dubi aikin sauran sai ya girgiza kai.

"Haka za ku kai ta Tama? Ƙarhe na yaudara, ramin hanya guda ya isa ya buɗe shi. Ƙulli shi ka riƙon kaya."

Ya gyara na Sule, ya ƙulle na Surajo, ya zo kan Hafizu ya ture shi da kafaɗa ya ce kauce yaro, ya tsinke robar ya yi nasa ƙullin. Ba zan ɓoye ba, a lokacin alfahari na ji. Na ce a raina ko ba komai gidanmu akwai namiji.

Kalla ya ce wa Surajo ya kwance ƙulli ɗaya a gani. Surajo ya yi ta fama har da haƙori, ƙulli ya ƙi. Aka ce Hafizu ya gwada, ya ce ba zai iya ba, Baba Barmo ya koya masa komai na mota amma wannan ya hana shi, yakan ce ba a ba yaro ilimi duka. Kalla ya matso ya sa yatsa biyu ya zaro wani ɗan baki da ke ɓoye a ƙasa, ƙullin ya warware gaba ɗaya. Ya ce ƙullin masu laftun raƙuma ne, an yi shi don kada ya saki a tafiya, kuma don a sauke kaya da ja ɗaya in raƙumi ya faɗi.

Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da abin da ya tsinta jiya, ya jera a kan tirela. Guntayen maɗauri huɗu ne, an yanke kowane da wuƙa, kowane da ƙullinsa a jiki, iri ɗaya sak da ukun da suka rage a jikin taraktar.

"Waɗanda sunka sauke ta ba su san inda aka ja ba," in ji shi, "sai sunka sa wuƙa."

Ni ba sai an yi mini bayani ba. Ƙullin nan shi ne a wuyan akuyata, shi ne a igiyar gugana. Kullum ina ganinsa, ban taɓa dubansa ba sai ranar.

Barmo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ai masu irin wannan ƙulli suna da yawa. Kalla ya ce ƙwarai, a Azarori akwai tsofaffi da dama, shi ma yana cikinsu, amma wane ne a cikinsu yake kwana a zauren da makulli ke rataye? Barmo ya dubi shef, ya dubi hanya, sannan ya juyo kaina, fuskarsa ta zama wata iri da ban san ta ba.

"Ni na ɗora hannun yaron ga bisa sitiyari," ya ce. "Na kai mota inda ko sunan wurin ba ku sani ba. Kunka zamna, ku mata, kunka ce idona ya mutu, kunka ba ɗan da na goya. Kullum shi wuce ni bisa tarakta ina zaure ina gyaran igiyar awaki."

Na ce masa da ya faɗa mini, da mun san yadda muka yi. Na ce to taraktar ke nan, yaron fa, ɗan yayansa, da za a kai kaso? Ya kawar da kai ya ce kaso ba ya kashe saurayi.

Hafizu bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Baba, jiya da ka kawo mini tuwo, kai kac ce in amsa laihi, za a yi mini sassauci. Ka ce Inna ta gaji da kunya. Yau da sahe niy yi niyyar amsawa."

Na sha jin ciwo a duniya, na binne miji, na binne 'ya'ya biyu. Amma ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Tuwon da na tuƙa da hannuna ina hawaye, shi mutumin nan yake ɗauka ya kai wa ɗana da wannan magana a kai. Ankwar da aka cire wa Hafizu ita aka sa wa Barmo, ban kuma dubi motar ba da ta tashi.

Kalla ya sake ƙulla kusurwar da ya kwance, ya ce wa Surajo in an ɗan taɓa tafiya a tsaya a ƙara ɗamewa. Na yi masa godiya, ya ce ba irin aikin da ake godiya a kansa ba ne.

*

Mun shiga Tama da guɗa. Matan da suka gaishe ni da gefen baki su ne a gaba suna rawa, suna cewa su dama sun san Hafizu ba zai aikata ba. Na bar su da taraktarsu na wuce gida.

Na ɗauki wuƙar yankan albasa na fara da akuya. Na yanke ƙullin wuyanta, na yanke na guga, na yanke na tsanin rumbu da na ƙyauren kara. Hafizu yana biye da ni yana cewa Malam Kalla ya nuna masa inda ake ja, ba sai an lalata igiya ba. Na ce ba na son a kwance shi yadda za a iya sake ƙulla shi.

Saura rumfar tsakar gida, wadda a ƙarƙashinta aka karɓi gaisuwar rasuwar mijina. Hafizu ya riƙe ginshiƙin da hannu biyu.

"Inna, in kin yanke wanga, rana za ta ci mu."

"Ta ci mu," na ce.

Na sa wuƙa. Rumfar ta karkata ta zube, ƙura ta tashi, kaji suka watse. Na shimfiɗa tabarma a gefen karan da ya zube, na zuba wa ɗana tuwo, muka ci a rana.